Bakwaini a Hannun Mai Haihuwar Fari: Tsakanin Hukuncin Shari'a, Al'ada da Shawarar Likita

Godiya ta tabbata ga Allah, wanda yake halittar ɗan Adam a cikin mahaifa mataki bayan mataki. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Idan mace ta haihu kafin cikinta ya cika, Bahaushe yakan kira abin da ta haifa bakwaini, ko ya kai wata bakwai ɗin cif, ko ya ɗan gaza, ko ya haura. Likitoci kuwa da mako suke lissafi. A wurinsu duk jaririn da ya zo duniya kafin ciki ya cika mako 37 bakwaini ne, kuma sun kasa shi uku: wanda bai kai mako 28 ba, da wanda yake tsakanin 28 da 32, da wanda ya haura 32. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 an haifi irin waɗannan jarirai miliyan 13.4, wato kusan ɗaya cikin kowace haihuwa goma. Saboda haka babu unguwar da ba ta da su, daga cikin garin Batagarawa har Ajiwa da Bakiyawa da Tsanni. Abin da ya sa muka keɓe mai haihuwar fari da magana shi ne, jarrabawarta ta fi ta kowa nauyi: ba ta taɓa shayarwa ba, ba ta da ta cewa a gaban manya, kunyar ɗan fari ta ɗaure ta, sannan ga bakin mutane.

Bari mu fara da bakin mutanen, domin shi ne ya fi saurin kashe aure. Yarinya ta tare a watan Rajab, ta haihu a watan Safar, sai ka ga an koma gefe ana lissafi da yatsu. Ba a faɗa a fili, amma ana faɗa da ido da taɓe baki, har maganar ta isa kunnen miji. Mun sha ganin saurayi ya tsaya bayan an sallame salla, ya jira kowa ya watse, sannan ya matso ya ce, “Allah gafarta Malam, iyalina ta sauka, amma watanni ba su cika ba.” Abin da yake ransa a bayyane yake ko bai ƙarasa ba.

Wannan mas'ala an gama da ita tun zamanin sahabbai. Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa cewa an zo wa Sayyidina Usman da wata mata da ta haihu a wata shida, ya yi umarni a tsayar mata da haddi, sai Sayyidina Ali ya nuna masa cewa babu haddi a kanta. Hujjarsa ayoyi biyu ce. Aya ta 15 a Suratul Ahƙaf ta haɗa ɗaukar ciki da yaye ta ba su wata talatin, aya ta 233 a Suratul Baƙara kuma ta sanya cikakkiyar shayarwa shekara biyu, wato wata ashirin da huɗu. Idan aka cire wannan daga wancan, shida ya rage. A kan wannan malaman mazhabobi huɗu suka tafi: mafi ƙarancin muddar ciki wata shida ne, kuma ɗan da aka haifa bayan wata shida da saduwar ma'aurata ɗan mijin ne, yana ɗaukar sunansa, yana gadonsa. Malamanmu na Malikiyya ma sun yi rangwamen kwana biyar saboda watannin da suke yin nuƙusani. Ɗalibai su lura da wani abu a nan: likita yana fara ƙirga daga ranar farko ta hailar ƙarshe, kimanin mako biyu kafin shigar cikin, don haka wata shidan fiƙihu yana zuwa daidai da wajen mako 28 a katin awo, kuma nan ne iyakar da likitocin Nijeriya suka saba ɗauka ta fara sa rai da rayuwar jariri. Wanda ya jefi matar aure da alfasha saboda ta haifi bakwaini ya sani cewa aya ta 4 a Suratun Nur ta tanadar masa bulala tamanin da zubewar shaidarsa. Habaici da zunɗe ko sun kuɓuta daga bulalar alƙali, ba su kuɓuta daga zunubin cin naman mumina ba.

Dalilan haihuwa kafin lokaci kuwa sanannu ne ga ma'aikatan lafiya: zazzaɓin cizon sauro, hawan jinin masu ciki wanda kan kai ga jijjiga, ciwon sanyi da sauran cututtukan mafitsara, ƙarancin jini, cikin tagwaye, ƙuruciyar uwa. Sau da yawa ma ba a gano dalili ko kaɗan. Wannan ya isa amsa ga masu ɗora laifin a kan kishiya ko maita. Akwai kuma wata tsohuwar magana, wai ɗan wata bakwai yana rayuwa amma ɗan wata takwas ba ya yi. Tun a littattafan likitocin Girka na dā take, kuma ba gaskiya ba ce. Duk makon da jariri ya ƙara a ciki ƙarfi ne ga huhunsa. Shi ya sa idan naƙuda ta taso da wuri ba zama ake yi a gida ana jiƙa rubutu ana jira ba. Akwai allurar da ake yi wa uwa don ta taimaka wa huhun jariri ya nuna kafin ya fito, kuma tana buƙatar lokaci kafin ta yi aiki. Mu a Batagarawa ba mu da uzurin nisa, domin tafiyar mintuna ce a kan hanyar Dutsin-Ma ta raba mu da birnin Katsina, inda Asibitin Koyarwa na Tarayya da Asibitin Mata da Yara na Turai Yar'adua suke.

Sai maganar ciyarwa, wadda ita ce zuciyar al'amarin.

Abu na farko da ke fitowa daga ƙirjin mai jego shi ne dakashi, ruwan nan mai kauri da launin rawaya. A gidaje da yawa har yau ana ɗaukarsa ƙazanta, a tatse a zubar, a ce sai an wanke nono, musamman ga mai haihuwar fari wadda ake zargin nononta bai gyaru ba. Wasu tsofaffi har gwaji suke yi, a tatsa a ludayi a jefa tururuwa, in ta mutu a ce nonon yana da dafi. A cikin kwana biyu ko ukun da ake wannan, jariri yana shan ruwan ɗumi ko madarar dabba ko jiƙe-jiƙe. Ba mu san wata aya ko hadisi ko maganar wani malamin fiƙihu da ta ce dakashi najasa ne ba. Akasin haka ma aka samu: malaman Shafi'iyya sun wajabta wa uwa ta shayar da ɗanta dakashi ko da akwai wata mai shayarwa, saboda a ganinsu jariri ba ya ƙarfi sai da shi. Sun faɗi haka ƙarnuka kafin a ƙera madubin likita. Yau an tabbatar cewa dakashi cike yake da sinadaran kariya da ke lulluɓe hanjin jariri, kuma nonon uwar bakwaini a makonnin farko ya fi na sauran mata yawan sinadarin gina jiki, daidai da buƙatar ɗan da ta haifa. Ƙarancinsa kada ya tayar da hankalin kowa. Cikin jariri a ranar farko bai wuce ya ɗauki cokalin shayi ɗaya ko biyu a lokaci guda ba, na bakwaini kuwa bai kai haka ba.

Matsalar bakwaini ita ce bai iya kama nono ba. Tsotso da haɗiya da numfashi ayyuka uku ne da sai sun tafi tare, kuma jariri ba ya iya haɗa su sai wajen mako 32 zuwa 34. Kafin nan in aka ɗura masa abu a baki yana iya bi ta hanyar iska ya sauka a huhu. Don haka ake koya wa uwa ta tatsa da hannu a ƙaramin kofi mai tsabta, a ba shi ta siririyar robar da ake zurawa ta hanci zuwa ciki, in ya ɗan yi ƙwari a koma kofi yana lasa da kansa, daga nan a fara ɗora shi a nono. Tatsar nan aiki ce ta gaske, aƙalla sau takwas a yini da dare, domin nono yana zuwa ne gwargwadon yadda ake cire shi. Wanda aka tatsa kuma, a zafi irin namu, kada ya wuce awa 4 a ajiye in babu firiji. Bakwaini mai yawan barci ne, ba ya kukan yunwa kamar sauran jarirai, sai an tashe shi duk bayan awa 2 zuwa 3. Uwar da ba ta sani ba sai ta ce ɗanta mai haƙuri ne, alhali sukarin jininsa ne yake sauka.

Wata baiwar Allah a unguwarmu, shekarunta ba su kai ashirin ba, ta haifi 'ya mace a tsakiyar hunturu, nauyinta bai kai kilo biyu ba. Kwana uku tana tatsa ba ta samun abin da ya wuce ɗigo. Uwar mijinta ta ce, “Ke yarinya, ba ki da ruwan nono, a sayo madarar gwangwani kada ki kashe mini jika.” Ita kuwa ba ta iya ɗaga kai ta amsa ba, sai hawaye. Mijin ya zo mana yana neman fatawa a kan ko saɓa wa mahaifiyarsa a nan saɓo ne. Muka ce masa biyayya ga uwa wajibi ce, amma Hajiya ba umarni take bayarwa ba, tsoro take ji, kuma maganin tsoro bayani ne. Ya ɗauke ta ya kai ta wurin ma'aikaciyar jinyar da ke kula da jaririyar, ta ga yadda ake auna nonon da sirinji, ta ga ma'auni yana nuna ƙarin nauyi. Daga ranar Hajiya ce take tashin surukarta da dare ta riƙe mata kofi. Ba kowane labari ne yake ƙarewa haka ba, amma wannan ya nuna mana inda ƙofar take: kakar jariri in ta fahimta, ta fi kowa amfani.

Madarar gwangwani ba haramun ba ce, kuma akwai halin da likita da kansa zai rubuta ta. Sai dai ga bakwaini tana ƙara haɗarin wata muguwar cutar hanji da ke ruɓar da shi, ga batun ruwan da ake damawa da shi da bulumbotin da ba ya wankuwa, ga tsadar da ke sa a riƙa tsinka ta don ta yi auki. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa kashi 29 cikin ɗari kacal na jariran Nijeriya 'yan ƙasa da wata shida ake shayarwa da nono zalla, kuma jarirai 39 cikin kowane dubu suna rasuwa kafin su cika wata guda.

To ina matsayin tahniki? Ya tabbata cewa Manzon Allah (SAW) ya tauna dabino ya shafa a dasashin Abdullahi ɗan Zubair da Abdullahi ɗan Abu Ɗalha. Malamai da yawa sun ce mustahabbi ne, wasu kuma sun ce ya keɓanta da shi saboda albarkar yawunsa. Ko a wurin masu cewa mustahabbi ne, shafawa ce ta ɗan abin da bai kai a haɗiya ba. Ba ɗura ruwan dabino da cokali ba ne, ba kuma zuma ba ce, wadda likitoci suka hana ba yaron da bai shekara ba saboda wata ƙwayar cuta mai shanye jiki da kan ɓuya a cikinta. Mun ji masu kafa hujja da binciken da aka wallafa daga ƙasar New Zealand a 2013, inda aka shafa wa jarirai sukari a kumatu don ɗaga sukarin jininsu. Binciken gaskiya ne, amma a kan jariran da suka kai mako 35 aka yi shi, da sukarin da aka auna, a hannun ma'aikatan asibiti. Jaririn da yake cikin kwalba da robar iska a hanci, jinkirta masa tahniki ba barin sunna ba ne, domin ba a neman mustahabbi da abin da zai halaka rai. Haka rubutu da ruwan Zamzam: a yi masa addu'a, uwar ta sha, albarkar za ta same shi. Cire belu kuwa da tsagar wanzami ba su da asali a addini, kuma jinin da bakwaini zai zubar a wurin ba shi da rarar sa.

Bayan yunwa, babban abokin gabar bakwaini sanyi ne. Ba shi da kitsen da zai riƙe ɗumi, kuma daren Disamba da Janairu a Katsina ba wasa ba ne. Kwalabe a asibitoci ba su da yawa, suna kuma buƙatar lantarkin da ba ya yankewa. Irin wannan ƙarancin ne ya sa a 1978 wani likita mai suna Edgar Rey, a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya, ya fara sa iyaye mata su ɗora jariransu a ƙirji, fata a kan fata, a ɗaure da zane. Aka sa wa hanyar sunan kangaru, dabbar nan ta Ostireliya da ke renon ɗanta a aljihun cikinta. A 2021 aka fitar da sakamakon wani gwaji da aka yi a asibitoci biyar, a Ghana da Indiya da Malawi da Tanzaniya da Ile-Ife a nan Nijeriya, kan jarirai masu nauyin kilo 1 zuwa ƙasa da 1.8. Waɗanda aka fara yi wa wannan goyo nan take bayan haihuwa, mutuwarsu ta ragu da kashi 25 cikin ɗari idan aka kwatanta da waɗanda aka jira sai sun daidaita a kwalba. A Nuwamban 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da shi shawararta ga duk bakwainin da ba ya cikin matsanancin hali. Matan Hausawa ba sa buƙatar a koya musu goyo. Bambancin kawai shi ne a gaba ake yi, jariri a tsaye tsakanin nonuwa, kansa a juye gefe, da hula da safa da ɗan ƙyallen tsuguno, awa 8 zuwa 24 a rana. Ɗumin jikin uwa yana riƙe nasa, kusancin yana saukar mata da nono.

A nan ne al'ada take karo da maslaha. Mai haihuwar fari a wurinmu an san ta da kawaici ga ɗanta: ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, wata ma sai an yi mata faɗa take ba shi nono in akwai manya a ɗakin. Muna girmama kunya, kuma Manzon Allah (SAW) ya sanya ta cikin rassan imani. Amma kunyar da ya yaba ita ce wadda take hana saɓo. Shi da kansa ya sumbaci jikansa Hasan a gaban Aƙra'u ɗan Habis, kuma da Aƙra'u ya yi alfaharin cewa yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, bai yaba masa ba, gargaɗi ya yi masa a kan rashin jinƙai. Sayyida A'isha ta yabi matan Ansar saboda kunya ba ta hana su tambayar addininsu. Yarinyar da za ta yini da ɗanta a ƙirji ba marar kunya ba ce. Manyan gida ne ya kamata su fara furta mata wannan, domin ita ba za ta iya nema ba. In ta gaji ko za ta yi wanka, mahaifiyarta ko ƙanwarta ko mijin da kansa ya karɓa, ƙirjin namiji ma yana ɗumamawa. Ɗakin kuma a rage masa 'yan barka. Kowa da tarinsa da murarsa, kowa yana so ya ɗauka ya ga kama, alhali murar da babba zai yi kwana uku ya warke tana iya kai bakwaini kabari.

Wankan jego da kunun kanwa ba ibada ba ne. Likitocin asibitin koyarwa na Zariya tun a shekarun 1970 suka danganta yawan ciwon zuciyar masu jego da tsananin zafin da gishirin kanwar. Abin da mai tatsa sau takwas take buƙata shi ne abinci mai kyau da ruwa da barci da kwanciyar rai, kuma ayar Baƙara da muka ambata ta ɗora ci da tufatarwar mai shayarwa a wuyan uban yaro. Kuɗin ragon suna da na ɗinkin fitar suna, in asibiti yana buƙatarsu, can ya fi cancanta su tafi. Yanka sunna ce, ceton rai wajibi. Raɗa suna ba ya jiran taro, domin Annabi (SAW) ya sa wa ɗansa Ibrahim suna a daren da aka haife shi. In Ramadan ya riske ta tana tsoron nono ya ƙafe, ta sha azumi. A mashhurin mazhabarmu za ta rama, ta kuma ciyar da mudun Annabi ɗaya a madadin kowace rana, kuɗin da ba ta da shi kuwa miji ya kyauta ya ɗauke mata.

In nonon uwa ya gaza da gaske, ko rashin lafiya ya kwantar da ita, ko ta rasu, Musulunci ya riga ya buɗe ƙofar da muka fara mantawa da ita, wato mai shayarwa. Suwaiba da Halimatus Sa'adiyya sun shayar da fiyayyen halitta, kuma ta nonon Suwaiba Sayyidina Hamza ya zama ɗan'uwansa na shayarwa. Nonon wata mace ya fi wa bakwaini madarar gwangwani, da sharaɗin a gwada jininta a tabbatar ba ta ɗauke da cutar da ke bi ta nono, kamar ƙanjamau. Sai dai a kiyaye hukuncin da ke biyo baya. A wurin Malikiyya duk nonon da ya isa cikin yaro a shekara biyun farko yana haramta aure, ko sau ɗaya ne, ko ta kofi aka ba shi, ko ta hanci. Shafi'iyya da Hanbaliyya ne suka shar'anta sau biyar. Ke nan matar da ta taimaka wa maƙwabciyar gadonta a asibiti da rabin kofi ta zama uwar wannan jariri, 'ya'yanta sun zama 'yan'uwansa, mijinta ya zama ubansa na shayarwa. Tsoron cakuɗewar nasaba ne ya sa Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1985, ta hana kafa rumbunan da ake tara nonon mata daban-daban a gauraya, ko da yake Shaihu Yusuf Alƙardawi ya sauƙaƙa a kai. Mu a nan abin da ya fi mana sauƙi shi ne a san mai bayarwa, a rubuta sunanta da na mijinta da garinsu da ranar da aka bayar, gidaje biyun kowa ya ajiye takarda, kada bayan shekara ashirin a ɗaura auren wa da ƙanwa.

Idan an sallamo su gida, alamomin da ba a kwana da su ke nan: jiki ya yi sanyi ko zafi, ya ƙi karɓar nono, numfashi ya yi sauri ko ya riƙa ɗaukewa, haƙarƙari yana lotsawa, ido da tafin hannu su yi rawaya irin ta shawara, ko ya fara zabura. Ko ƙarfe biyun dare ne a nemi abin hawa.

Wani lokaci kuma duk an yi abin da ya kamata, Mai shi ya karɓi abinsa. Hukuncin a mazhabar Malik ya rataya ne a kan tabbatar rayuwa bayan haihuwa. In ya yi kuka, ko ya sha nono sosai, ko ya daɗe yana raye, to mutum ne cikakke: a yi masa wanka da likkafani da salla, ya ci gado a kuma gaje shi, komai ƙanƙantarsa. In bai nuna alamar rayuwa ba, a naɗe shi a ƙyalle a binne ba tare da salla ba, ko da yake Imamu Ahmad yana ganin a sallaci duk wanda ya kai wata huɗu a ciki. Jinin da uwar take gani a duk halin biyun jinin biƙi ne, iyakarsa kwana 60 a wurinmu, in ya ɗauke kafin nan ta yi wanka ta ci gaba da sallarta. Wallahu a'alam.